Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Ake Jarraba Sabbin Likitoci Kan Tsayawar Zuciya

Masu bin ƙwallon ƙafa a cikinmu, waɗanda ba kaɗan ba ne a Zangon Kumasi, ba za su manta da ranar 12 ga watan Yuni, 2021 ba, ranar da ɗan wasan Denmark, Christian Eriksen, ya yanke jiki ya faɗi a fili ana tsakiyar wasa da Finland. Zuciyarsa ce ta tsaya cik. Nan da nan likitoci suka iso kansa, suka dinga danna masa ƙirji, suka buga masa na'urar lantarki sau ɗaya, zuciya ta dawo, har a watan Fabrairu na 2022 ya koma buga ƙwallo a Ingila. Haka kuma ba mu manta da ɗan ƙasarmu Raphael Dwamena ba, wanda ya faɗi a fili a ƙasar Albaniya ranar 11 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara 28, aka yi ƙoƙari amma rai ya yi halinsa.

Abin da duniya ta kalla a talabijin ranar Eriksen shi ne mintocin farko kawai. Kwanakin da ya yi a asibiti bayan nan, inda aka binciki dalilin tsayawar zuciyar, aka kuma dasa masa 'yar na'ura a ƙirji domin gaba, babu wanda ya gani. To, wannan kashi na biyu na aikin shi ne muke so mu duba a wannan wata, tare da yadda malaman likitoci ke tabbatar da cewa yaron da suka koyar ya iya shi tun kafin a kawo masa ɗaya daga cikinmu kwance.

MECE CE TSAYAWAR ZUCIYA?

Zuciya famfo ce mai aiki da wata 'yar wutar lantarki ta jiki. In wannan wutar ta rikice, ko zuciya ta rasa iska ko jinin da za ta tura, sai ta daina harba jini. Mutum ya faɗi, a kira shi ba ya amsawa, numfashi ya ɗauke ko ya koma wani irin shaƙuwa jefi-jefi. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini, daga minti 4 zuwa 6 ta fara lalacewa. Masana sun ƙiyasta cewa kowane minti ɗaya da ya wuce ba a taimaki mutum ba, damar rayuwarsa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Ko a Turai da Amurka, inda motocin asibiti ke da yawa, kimanin mutum 1 cikin 10 ne ke tsira idan abin ya same shi a wajen asibiti.

Taimakon farko shi ne danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, ƙirjin babban mutum ya nutsa santimita 5 zuwa 6. Wanda ya sami horo yakan danna sau 30 ya hura iska sau 2. Wannan dannawar ita ke riƙe ƙwaƙwalwa da ɗan jini har na'urar lantarki da magunguna su iso.

DAGA FILIN ACCRA ZUWA ASIBITIN GEE

Ƙasarmu ta koyi darasin gaggawa ne da hawaye. Ranar 9 ga Mayu, 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko a filin wasa na Accra, mutum 126 suka rasu a turmutsutsu, har da 'yan Zango masu yawa. Wannan musiba tana cikin abin da ya sa aka kafa hukumar motocin asibiti ta ƙasa a 2004. A watan Janairu na 2020 gwamnati ta raba sababbin motoci 307, kuma lambar kiran gaggawa ita ce 112. Makarantar da ke horar da ma'aikatan waɗannan motoci tana Nkenkaasu, nan cikin yankin Ashanti.

Asibitin Komfo Anokye kuwa, wanda har gobe muke kira Gee saboda kamfanin da ya gina shi a shekarun 1950, ya zama asibitin koyarwa a 1975, lokacin da jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta fara koyar da likitanci. A 2009 babban ginin haɗari da gaggawa ya fara aiki, kuma a shekarar ce aka soma horar da likitoci ƙwararru na musamman kan aikin gaggawa, da haɗin gwiwar asibitin, da jami'ar KNUST, da kwalejin likitoci ta Ghana, da jami'ar Michigan ta Amurka. Shi ne irinsa na farko a Afirka ta Yamma. Rukunin farko ya kammala a 2012, an kuma buɗe irin wannan horo ga ma'aikatan jinya. Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya can ya ga yadda ake tantance mutane a bakin ƙofa, a raba su launi-launi, ja da ruwan lemo da rawaya. Wanda zuciyarsa ta tsaya, ɗakin ja ake wucewa da shi kai tsaye.

To, a nan tambaya take. Yaron da ya fito daga aji, ya haddace littafi, ya ci jarrabawar takarda, ta yaya za a san hannunsa ba zai yi rawa ba ranar da aka shigo da mutum a guje cikin dare? A da, hanyar koyo ita ce ɗalibi ya tsaya ya kalli babba yana yi, wata rana a ce masa ya karɓa. Ma'ana dai, a jikin mara lafiya na gaske yake yin kuskurensa na farko. Kuma tsayawar zuciya ba ta sallama, ɗalibi na iya yin watanni bai ga ko ɗaya ba, ranar da ta zo kuma babu lokacin buɗe littafi.

MUTUM-MUTUMIN DA YA ZAMA MALAMI

A 1960 wasu masana uku a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka nuna cewa danna ƙirji daga waje na iya tura jini ba sai an tsaga mutum ba. A wannan shekarar ce wani mai ƙera kayan wasan yara na roba a garin Stavanger na ƙasar Norway, Asmund Laerdal, ya fito da mutum-mutumin koyon farfaɗo da mutum mai suna Resusci Anne, bisa shawarar likitoci irin su Peter Safar. Kafin ƙarshen shekarun 1960 an ƙera wani a Kalifoniya wanda kwamfuta ke sarrafa shi. A 1975 kuma wani malamin likitoci a Dundee ta Sikotilan, Ronald Harden, ya wallafa tsarin jarrabawa wanda ɗalibi ke zagayawa tasha-tasha yana yin aiki da hannu, malami na tsaye da takardar maki. Haɗuwar waɗannan biyu, wato mutum-mutumi da takardar maki, ita ta haifar da abin da ake kira jarrabawar kwaikwayo.

Na zamani a cikin waɗannan mutum-mutumi suna numfashi, ana jin bugun jini a wuyansu da hannunsu, ana iya yi musu allura, a zura musu bututun iska a maƙogwaro, a buga musu lantarki. Suna kuma rubuta zurfin kowace dannawa da saurinta. Akwai cibiyar irin wannan horo a asibitin jami'ar Ghana da ke Legon. Ungozomomin asibitocinmu ma da 'yar tsanar jariri suke koyon ceton jaririn da aka haifa bai yi kuka ba, a ƙarƙashin wani shiri da aka ƙaddamar a duniya a 2010. Kada wani ya ji an ce mutum-mutumi ya ɗauka gunki ake nufi. Kayan aiki ne, kamar yadda allo yake ga almajiri, a rubuta, a wanke, a sake rubutawa har karatu ya zauna.

YADDA JARRABAWAR KE GUDANA

Ga yadda akan tsara ta. Akan shirya ɗaki kamar ɗakin gaggawa na gaske, da gado da allon da ke nuna bugun zuciya da akwatin magani. Akan ba ɗalibi mataimaka biyu ko uku, a ce masa shi ne shugaba. Sai malami ya ba shi labari, alal misali a ce: "Dattijo ne ɗan shekara 55, mai hawan jini, an kawo shi cikin taksi yana kukan ciwon ƙirji, yanzun nan ya daina magana." Daga nan agogo ya fara tafiya, malami ya ja bakinsa ya yi shiru.

Abubuwan da ake dubawa a rubuce suke. Daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin ya gane zuciya ta tsaya? Ya nemi taimako? An fara dannawa nan take? Ya karanta allon daidai, ya rarrabe irin rikicewar da lantarki ke gyarawa da wadda ba ya gyarawa? Kafin ya buga lantarki, ya tabbatar kowa ya ɗauke hannu daga gadon? Yana duba zuciya duk bayan minti 2, yana kuma canza mai dannawa kafin ya gaji? An ba da allurar adirenalin a kan kari, duk minti 3 zuwa 5? Duk tsayawar da aka yi da dannawa ba a so ta wuce daƙiƙa 10, kuma kwamfuta ba ta sani ba sabo, duk ta rubuta.

Bugu da ƙari akan duba bakinsa. Shugaban da ya ce "a ba da allura" bai kira sunan kowa ba, sau da yawa babu mai bayarwa, ko kuma mutum biyu su bayar. Abin da ake so shi ne ya kira mutum da suna, shi kuma wanda aka umarta ya maimaita abin da ya ji, in ya gama ya sanar.

BAYAN ZUCIYA TA DAWO

Ana cikin haka sai malami ya danna maɓalli, allo ya nuna bugu ya dawo, a taɓa wuyan mutum-mutumi a ji jini na harbawa. A nan ne ɗalibi yakan yi ajiyar zuciya ya zaci an gama, alhali yanzu rabin jarrabawar ya fara. Mutane da yawa da aka dawo da bugun zuciyarsu ba sa fita asibiti da rai. Wasu zuciyar ce ke sake tsayawa ko jini ya yi ƙasa a kwanakin farko, galibin sauran kuma raunin da ƙwaƙwalwa ta samu ne ke tafiya da su. Saboda haka abin da likita ya yi a sa'a ta farko bayan dawowar bugu yana da nauyi ƙwarai.

Na farko, numfashi. In mutum bai farka ba, a tsare masa hanyar iska, a kuma auna iskar oksijin da ke jininsa, a riƙe ta tsakanin kashi 94 da 98 cikin 100. Ƙarancinta illa ne, yawanta fiye da kima ma ba alheri ba ne. Mai matsa jakar iska kuma kada ya yi ta matsawa da sauri saboda ruɗewa, domin hakan na rage jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa. Na biyu, awon jini. Zuciyar da ta dawo a galabaice take, don haka a sa ido kada lambar sama ta faɗi ƙasa da 100, a taimaka da ƙarin ruwa ko magani. Na uku, a ɗauki zanen bugun zuciya a takarda don a ga ko jijiyar zuciyar ce ta toshe. Na huɗu, a auna sukari, a kula da jijjiga irin ta farfaɗiya.

Na biyar, wanda shi ne gwajin hankalin likita, a nemo abin da ya tsayar da zuciyar tun farko. Zubar jini ne, irin na haɗarin mota ko na haihuwa? Rashin iska ne? Gishirin fotasiyam ne ya taru a jini saboda ƙoda ta gaza? Gudan jini ne ya toshe huhu, ko guba ce? In ba a gano dalili ba, abin da ya faru da ƙarfe biyu zai sake faruwa da ƙarfe uku. Malami mai dabara yakan ɓoye dalilin a cikin labarin, sai ɗalibin da ya tambayi mai rakiya ko ya nemi sakamakon gwajin jini ne zai gano shi.

Na shida, zafin jiki. A nan akwai abin lura game da yadda ilmi ke canzawa. A 2002 bincike biyu suka nuna amfanin sanyaya jikin wanda bai farka ba zuwa digiri 32 zuwa 34, asibitocin duniya suka rungumi hakan. Manyan bincike na 2013 da 2021 kuma ba su sami fifikon tsananta sanyin ba. Abin da aka fi ƙarfafawa yanzu shi ne a hana zazzaɓi. Wannan albishir ne ga asibitocin da ba su da na'urori masu tsada, domin ma'aunin zafi da maganin zazzaɓi da sa ido ba su fi ƙarfinmu ba. Yana kuma nuna cewa likitan da aka jarraba shekara goma da suka wuce yana bukatar a sake jarraba shi.

Na ƙarshe, miƙa mara lafiya ga sashen kulawa ta musamman da cikakken bayani, da kuma yi wa iyali magana. A wasu jarrabawowin akan sa mutum ya fito a matsayin matar mara lafiya ko ɗansa, a ga yadda ɗalibi zai faɗi gaskiya ba tare da ya yanke musu ƙauna ko ya yi musu alkawarin da ba ya hannunsa ba. Ƙa'idar likitoci ita ce ba a yanke hukunci kan makomar ƙwaƙwalwar wanda bai farka ba sai an yi aƙalla sa'a 72.

ZAMAN BITA

Da an tsayar da agogo sai a zauna, ɗalibi ya fara faɗin abin da ya gani da dalilin da ya sa ya yi abin da ya yi, sa'an nan malami ya nuna masa inda aka yi jinkiri, wani lokaci har da hoton bidiyo. Masu wannan fanni sun haɗu a kan cewa a wannan zaman ne ake samun mafi yawan koyo. Wanda bai kai maki ba yakan sake, ya kuma sakewa, har ya kai. Mutum-mutumi ya mutu sau goma a yini ba a yi zaman makoki ba.

Har ila yau, in aka yi gwajin a cikin ɗakin gaggawa na gaske, yakan tona asirin ɗakin kansa. A nan ake gane batirin na'ura ya mutu, ko mabuɗin akwatin magani yana aljihun wanda ya tashi aiki, ko tulun oksijin babu kome a ciki. Gara a gano wannan da safiyar Talata a kan roba.

Amma fa kada a wuce gona da iri. Roba ba ta zufa, ba ta da dangi masu kuka a bakin ƙofa, don haka cin wannan jarrabawa ba ya maye gurbin aiki a ƙarƙashin babban likita. Na'urorin zamani suna da tsada, gyaransu ma haka, ko da yake rabin jiki na roba da malami mai takardar maki da agogon hannu sun isa a auna abubuwa da yawa. Sa'an nan bincike ya nuna hannu yakan fara mantuwa cikin wata 3 zuwa 6 in ba a maimaita ba. Gajeren gwaji a kai a kai ya fi babban taro sau ɗaya a shekara biyu.

NAMU KASON A ZANGO

Duk ƙwarewar likitan ɗakin ja, da abin da muka kai masa zai yi aiki. Daga Aboabo ko Asawase ko Sawaba zuwa Bantama, a cikin cunkoson Kejetia, mintocin nan 4 zuwa 6 sun daɗe da wucewa. Abin da muka saba shi ne a taru a kan mutum, a yayyafa masa ruwa, a yi masa fifita, a cusa shi cikin taksi ko Pragya a zaune, babu mai taɓa ƙirjinsa. Abin da ya kamata shi ne a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, mutum ɗaya ya kira 112, wani ya ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji ya yi ta dannawa ba tsayawa, in ya gaji wani ya karɓa. Ba a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, domin huhu zai tafi. Masu addu'a su yi ta yi, addu'a ba ta hana hannu aiki. Idan mace ce ta faɗi, kunya kada ta sa a tsaya kallo, wannan ma dalili ne da zai sa matanmu su koya.

In an isa asibiti, mutum ɗaya wanda ya ga abin da ya faru ya tsaya kusa, ya faɗi ƙarfe nawa aka faɗi, ko an danna ƙirji, da irin magungunan da mara lafiya ke sha, na asibiti da na gargajiya, ba ɓoye-ɓoye. In bai iya Turanci ko Tuwi ba, a nemo mai fassara tun a hanya. Wannan bayani shi ne likita zai bi ya gano dalili. In kuma an ce bugu ya dawo amma bai farka ba, a yi haƙuri da kwanakin nan uku, kada a matsa sai an sallame shi a kai shi gida.

Muna kira ga sarakunan Zango da limamai da shugabannin makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin matasa da na direbobin tasha, su nemi ma'aikatan motocin asibiti ko ƙungiyar Red Cross ta Ghana su zo da mutum-mutuminsu harabar masallaci ko makaranta. Sa'o'i kaɗan sun isa mutum ya koyi dannawa, a kuma gwada shi a gani ko ya iya. 'Ya'yanmu da ke karatun likita da jinya su ma su riƙa kawo abin da suka koya gida lokacin hutu. Malamanmu sun sha faɗa mana cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Ajali in ya zo babu mai tare shi, amma babu wanda ya san ko ya zo sai an yi iyakar ƙoƙari.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kuma yi wa hannun masu jinyarmu albarka.